Faifan It's a Sin da na saya fam biyu a shagon gwanjo

Fam biyu na saye shi, a wani shagon gwanjo da ke kan hanyar da nake bi in na tashi daga aikin dare. Kwalin ya ɗan tsage ta gefe, an manna masa takardar farashi har sau biyu, alamar ya daɗe a ajiye ba wanda ya taya. Dattijuwar da ke karɓar kuɗi ta juya shi gaba da baya, ta ce in tanadi hankici. Murmushi kawai na yi. Shekara ashirin da 'yan kai ina aikin jinya, daga gida har nan Manchester, na rufe idon mamata da yawa da hannuna, sai wasan kwaikwayo ne zai sa ni kuka? A raina na faɗi haka, kuma gara da ban faɗa a fili ba.

Bari in fara da gargaɗi, kada wani ya saya ya dawo yana tsine mini. Samarin da ke cikin wannan fim maza ne masu neman maza, 'yan luwaɗi kamar yadda muke cewa, kuma fim ɗin bai ɓoye komai ba. Kashi na farko musamman akwai tsiraici da abin da ido ba zai so gani ba, ni kaina sai da na riƙa tura shi gaba. Ba na falo ba ne, ba na gaban yara ba, balle gaban suruka. Abin da addini ya ce kan wannan ɗabi'a kowa ya sani, ni kuma ba malama ba ce. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da na iya aunawa shi ne ko fim ɗin ya faɗi gaskiya a kan ciwon ƙanjamau, da jinya, da mutuwa.

Kashi biyar ne, kowanne bai cika awa guda ba, duka dai kusan awa huɗu. Tashar Channel 4 ce ta fara nuna shi ranar 22 ga Janairun 2021, lokacin muna tsakiyar kullen korona, ina jin shi ya sa ban kalla ba a lokacin, don mutuwar da nake gani a wurin aiki ta ishe ni. Russell T Davies ne ya rubuta, Peter Hoar ya ba da umarni. Labarin yana farawa a 1981 ya ƙare a 1991, a Landan aka kafa shi, amma mafi yawansa a nan Manchester aka ɗauka. Hoto da sauti ba laifi. Faifaina ya ɗan cije a tsakiyar kashi na uku, na goge shi da bakin gyale ya ci gaba. Wanda Turancinsa na makaranta ne ya kunna rubutun ƙasa, don akwai ɗan Wales da ɗan Glasgow a ciki, kuma harshensu sai wanda ya saba.

Samari ne suka baro gidajen iyayensu suka haɗu a Landan suna 'yan shekara goma sha takwas. Ritchie daga tsibirin Wight, mai son zama ɗan wasa, baki kamar reza. Colin daga Wales, shiru-shiru, yana koyon ɗinkin kwat a Savile Row. Roscoe Babatunde, ɗan gidan 'yan Najeriya masu riƙon coci, wanda ya gudu da ya ji ana shirin mayar da shi gida a yi masa magani. Sai Ash, sai kuma Jill, mace guda a cikinsu. Suka kama haya tare, suka sa wa gidan suna, suka ƙirƙiro gaisuwarsu ta kalma ɗaya da suke jefa wa juna in za a fita. Duk wanda ya taɓa zaman ɗakin kwanan ɗalibai ya san wannan. Rigar wani a jikin wani, faɗa kan wa ya cinye burodi, layin banɗaki da safe. Marubucin ya yi wayo da ya ɓata kusan awa guda yana sa ka saba da su. Kafin ciwon ya shigo ka riga ka san dariyar kowa.

Mutuwar farko ba a cikinsu take ba. Wani dattijo ne a shagon ɗinkin, Henry, wanda ya ja Colin a jiki. Shekara talatin yana zaune da abokin zamansa, ɗan Portugal. Su biyun suka kwanta ciwo kusan lokaci guda. Uwar wancan ta zo ta kwashe ɗanta ta tafi da shi ƙasarsu, shi kuma Henry aka kai shi wani ƙaton ɗaki a asibiti shi kaɗai, aka rufe. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa. Colin ne kawai ke zuwa, an naɗe shi da riga da takunkumi kamar mai shiga ɗakin tiyata.

A nan na tsayar da faifan na tashi na sha ruwa.

A 2001 ina ɗaliba, a wani asibiti a arewa da ba sai na faɗi sunansa ba, akwai ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarshen sashen maza. Ba a rubuta komai a ƙofar ba, amma har masu shara sun san na su wa ne. A takarda haruffa uku ake rubutawa, a baki kuwa a ce "mai wancan ciwon", 'yan gari su ce kabari salamu alaikum. Mun san ba a ɗaukarsa ta kwano, an koya mana a aji, mun rubuta a jarrabawa mun ci. Duk da haka na taɓa ajiye wa mutum kwanon tuwo a bakin wannan ƙofa na ƙwanƙwasa na juya. Safar hannu biyu nake sawa in zan ɗauki zafin jikinsa. Ba wanda ya sa ni, tsoro ne kawai. To da na ga farantin Henry a ƙasa, kwanona na gani.

Mutumin da nake magana tela ne, bai kai arba'in ba. Makon farko 'yan uwa cike da baranda, tabarmi da kuloli. Ranar da sakamako ya fito, kafin magariba barandar ta zama wayam. Mutum ɗaya ya rage, wani abokinsa da suke shago ɗaya. Kullum bayan la'asar sai ga shi da kunu a fulas. Ya ɗaga shi ya jingina da ƙirjinsa ya ba shi da cokali, ya yanke masa farce, ya wanke zanin da ya ɓata a famfon baya, ya shanya, ya jira ya bushe. Ban san mene ne tsakaninsu ba, ban tambaya ba, kuma har yau ban ga ya shafe ni ba. Ranar da telan ya cika, 'yan uwa suka dawo da mota da likkafani, suka karɓi gawarsu. Abokin yana can nesa jikin bishiyar darbejiya da fulas a hannu, ba wanda ya ce masa ko sannu.

Wannan shi ne abin da fim ɗin ya kama da kyau, kuma saboda shi nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Abota a cikinsa aiki ce. Wa zai je kasuwa, wa zai wanke kwano, wa zai kwana a kujerar asibiti, wa zai nemo lauya. Dubi labarin Gregory, ɗan Glasgow. Ya kwanta a ɗakinsa ya ɓoye wa kowa sai Jill. Tana kai masa cefane da safar roba a hannu, ta dawo gida ta yi ta dirzar jikinta. Ya zo gidansu ya sha shayi a wani kofi ruwan hoda, ta wanke kofin, ta sake wankewa, ta kasa barci, daga ƙarshe ta jefar da shi ta farfasa. Ga ƙauna ga ƙyama a zuciya ɗaya, kuma fim ɗin bai ce mata muguwa ba. Ban taɓa ganin an nuna wannan hali daidai haka ba. Shi kuwa Gregory mahaifinsa ya zo ya tafi da shi, bayan ya mutu suka tara kayansa a bayan gida suka cinna wuta, har da hotunan yarintarsa.

Kashi na uku na Colin ne, kuma shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Yaron da ko ƙuda bai taɓa kashewa ba, sai ga shi ya faɗi yana farfaɗiya a wurin aiki. Aka kai shi asibiti a Wales, hukuma ta samo izinin kotu ta kulle shi, da ɗan sanda a bakin ƙofa. Kada wani ya ce ƙarin gishiri ne. A 1985 an yi haka a nan Manchester, a asibitin Monsall, aka tsare wani majiyyaci da umarnin kotu sai da aka ɗaukaka ƙara. Abokan Colin suka nemo lauya suka fito da shi suka maido shi Landan. Ciwon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya riƙa faɗin maganganun da da lafiyarsa ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba, a gaban mahaifiyarsa. Ita kuwa baiwar Allah ba ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da gyara masa bargo. Callum Scott Howells, wanda ya fito a Colin, ya yi abin da ya fi shekarunsa. A nan hankicin dattijuwa ya yi rana, ba zan yi ƙarya ba.

Ritchie kuwa ya ba ni haushi, kuma da gangan aka gina shi haka. Akwai inda ya juyo yana kallon mai kallo yana zazzago dalilan da suka sa ciwon ƙarya ne: wai ƙirƙira ce, wai makirci ne, wai ta yaya cuta za ta san wanda za ta zaɓa. Dariya ta kama ni don na san wannan karatu da Hausa. Mu ma mun ce cutar Turawa ce, mun ce dabara ce ta hana mu haihuwa, har sai da Fela ya mutu a watan Agustan 1997, wansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar lafiya, ya fito ya faɗi sunan abin da ya kashe shi. Da Ritchie ya gane ya kamu sai ya koma neman magani ko ta halin ƙaƙa, har fitsarinsa ya sha. Wanda ya taɓa jin masu lasifika a tasha suna tallar maganin sanyi da ƙanjamau a kwalba ɗaya ba zai yi mamaki ba. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ya ci gaba da kwana da mutane bayan ya san halin da yake ciki. Abokansa suka yi tsit. Ba su wanke shi ba, ba su kuma tashi sun bar shi ba. Na yaba wa marubucin da bai mayar da shi waliyyi don ya kusa mutuwa ba.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma yana da ɗan yawa.

Ciwon ya yi tsafta da yawa. An nuna baƙaƙen tabon nan na sankarar fata, an nuna sarƙewar numfashi, amma mu da muka ba ciwon suna ƙanjamau mun san dalili. Mutum ƙanjamewa yake yi har ka ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Ga zawo da ba ya tsayawa, ga farin ƙurajen baki da ke hana haɗiyar ko ruwa, ga wari. 'Yan wasan nan har ranar mutuwa da sauran kumatunsu. Na san ba za a ce yaro ya bar cin abinci don fim ba, amma tunda jinya ce zuciyar labarin, da an nuna hannun aboki cikin ƙazanta ko sau ɗaya, don a nan ake gane wa ya tsaya.

Sai Jill. Lydia West ta yi ƙoƙari, kuma akwai Jill ta gaske, Jill Nalder, ƙawar marubucin tun ƙuruciya, ita ce ma ta fito a matsayin uwar Jill a fim ɗin. Amma shekara goma ana tafiya, yarinyar nan ba ta da saurayi, ba ta da wata damuwa tata, ba ta taɓa cewa na gaji ba. Ko ni da ake biyana albashi nakan shiga banɗakin ma'aikata in zauna minti biyar don kada in yi wa majiyyaci tsawa. An mayar da ita kamar fitilar da aka kunna don wasu su gani. Kuma in ban da ita da iyaye mata, mata ba su da wuri a labarin. Mace mai ɗauke da cutar ba ta samu ko kashi guda ba, alhali a Landan ɗin ma akwai su, kuma a asibitocinmu na gida su ne suka fi cika layi, da goyo a baya, da yawansu a ɗakin aurensu suka same ta.

Gidan su Roscoe a farko an zana su da babban alƙalami: addu'a da ihu da barazanar jirgin Legas. Na ɗan ji zafi a matsayina na 'yar Najeriya, ko da yake ba zan rantse ba a yi irinsa ba. Abin da ya gyara shi ne dawowar uban a kashi na ƙarshe. Ya je gida ya ga yadda ake rufe masu ciwon, maza da mata da yara, ya dawo jikinsa a sanyaye yana neman gafarar ɗansa. Minti kaɗan ne, amma nan ne kawai fim ɗin ya leƙa ya ga cewa annobar ta fi unguwarsu faɗi. Labarin Roscoe da wani ɗan majalisa da Stephen Fry ya fito a matsayinsa kuwa shirme ne, da an cire shi an ba Jill lokacin.

Babban saɓanina da fim ɗin a ƙarshensa yake. Iyayen Ritchie suka zo Landan ba zato, suka tarar da shi a gadon asibiti, a rana ɗaya suka ji yana neman maza kuma yana mutuwa. Keeley Hawes, wadda ta fito a uwar, ta bi barandar asibitin nan tana faɗa da duk wanda ta gani, tana neman wanda za ta ɗora wa laifi. Na sha ganin wannan uwa, da zani da mayafi. Ta kwashe ɗanta ta koma tsibiri da shi. Jill da Roscoe suka bi su suka kama ɗaki, kullum suna roƙon a bar su su gan shi, kullum ana ce musu ba yau ba. Ranar da ta yarda ta sadu da Jill a bakin teku, sai ta ce mata ai jiya ya rasu. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a jikin darbejiya: masu jinya daban, masu gawa daban.

Amma sai aka sa Jill ta dube ta ta ce duk laifinta ne, ita ta cusa masa kunyar da ta kashe shi ta kashe wasu. Magana ce mai daɗin ji a fim, kuma akwai gaskiya a ciki, kunya tana hana mutum zuwa gwaji, na gani ba sau ɗaya ba. Sai dai an ɗora wa mace ɗaya kayan da ya kamata a raba. A Disambar 1986 shugaban 'yan sandan Manchester, James Anderton, ya tsaya a bainar jama'a ya kwatanta masu ciwon da masu iyo a masai da suka haƙa da hannunsu. Gwamnati sai a 1987 ta aika takardar faɗakarwa gida-gida. A shekarar ne Gimbiya Diana ta gaisa da majiyyaci hannu da hannu ba safa a asibitin Middlesex, abin ya zama labarin duniya, ka ji yadda tsoro ya kai. A 1988 aka kafa dokar sashe na 28, mai hana ƙananan hukumomi da makarantunsu tallata luwaɗi, wadda fim ɗin ma ya nuna an sa Ash ya tace littattafan makaranta saboda ita. Uwar da ta tashi cikin wannan iska, jaridarta da gwamnatinta da maƙwabtanta duk bakinsu ɗaya, a tsaya a gaya mata ita ce ta kashe ɗanta washegarin mutuwarsa? Ni dai da ina wurin da na ja Jill gefe.

Wanda ya ga Philadelphia na 1993, wanda Tom Hanks ya ci kyautar Oscar da shi, zai ga bambanci. Can shari'a ce a gaba, dangi duk masu goyon baya, abokai kuwa suna can baya kamar 'yan rakiya. An yi shi ne don mai kallon da ke tsoro ya shiga ta ƙofar lauyan da Denzel Washington ya fito. Wanda ya fi kusa da wannan shi ne Longtime Companion, da ya riga shi fitowa da 'yan shekaru, wanda sunansa ma daga shafin ta'aziyyar jarida aka ɗauko shi, yadda ake kiran abokin zaman mamaci a sakaye. A can akwai inda mutum ke zaune gefen gadon abokin zamansa, bayan ya gama canza masa ƙunzugu, yana lallashinsa ya saki ya huta. Wannan wuri ɗaya ya fi duk abin da It's a Sin ya nuna na zahirin jinya. Amma It's a Sin ya fi shi dariya, kuma dariyar ce ke sa rashin ya yi ciwo.

Labarin ya tsaya a 1991. Haɗin magungunan da ya mayar da ciwon abin da ake rayuwa da shi ya zo a 1996. Shekara biyar kacal. Ina kallo ina lissafi, da wannan ya ƙara jurewa kaɗan, da yanzu yana nan da furfura yana zuwa karɓar ƙwayarsa kamar masu hawan jini. Telanmu ma haka, 'yan shekaru ne tsakaninsa da lokacin da maganin ya fara isowa asibitocinmu. Yau wanda ke shan maganinsa daidai har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Fim ɗin bai faɗi wannan ba don ba zamaninsa ba ne, shi ya sa nake faɗa, kada wani ya kalla ya ɗauka har yanzu haka abin yake ya ƙi zuwa gwaji.

Ɗaliban jinya da na likitanci, da duk mai aiki a ɗakin karɓar magani, ina ganin ya kamata su gani, ko da kashi na biyu da na uku ne kawai, da na'urar turawa a hannu. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauki rayuwar samarin ba, ya bar shi, ba dole. Wanda kuma bai daɗe da rashi ba ya dakata tukuna.

Na ara wa wata abokiyar aikina 'yar Zimbabwe. Bayan kwana biyu ta dawo mini da shi a cikin leda, ta ce ta tsaya a wajen Colin, ba za ta iya ƙarasawa ba, yayyenta biyu ne suka tafi a shekara ɗaya kuma ita ta yi jinyarsu tana 'yar sha biyar. Yana nan cikin lokata a wurin aiki, ƙarƙashin takalmin canji, ban mayar da shi gida ba tukuna.